Yadda Ake Bin Salsalar Limamin Gari na Tsohuwar New England: Abin da Gidan John Williams Ya Koya Mini

A ƙarshen wata 'yar hanya mai suna Albany Road, a garin Deerfield da ke yammacin jihar Massachusetts ta Amurka, akwai tsohuwar maƙabarta. Cikin watan Oktoba na fara zuwa, busasshen ganye ya rufe ƙasa, sai da na tsuguna na share gindin wani allon dutse da hannu kafin na iya karanta shi. Na matar limamin garin ne, Eunice Williams. An sassaƙa cewa abokan gaba ne suka kashe ta, ga kuma kwanan wata: 1 ga Maris, 1703/4. Na daɗe ina kallon wannan 3/4 ɗin. Ta yaya mutum ɗaya zai mutu a shekaru biyu? Tambayar nan ce ta ja ni cikin gidan mijinta, John Williams. Shekara uku na yi ina karatu a wannan yanki, kuma duk Asabar ɗin da na sami sarari a kan zuriyarsa take ƙarewa.

Ga hanyar da na bi, har da inda na yi tuntuɓe, ko za ta yi amfani ga mai son bin rayuwa da asalin limamin coci irin na garuruwan New England, wato yankin arewa maso gabashin Amurka, lokacin da suke hannun Ingila. Mafi yawan aikin daga ɗaki ake yinsa. Tsofaffin littattafan da zan ambata suna Internet Archive kyauta, hotunan rajistocin garuruwan Massachusetts da yawa suna FamilySearch, ɗakin karatu na Congregational Library da ke Boston kuma ya sa littattafan tsofaffin coci-coci masu yawa a intanet.

Kafin ka buɗe takarda ko ɗaya, ka san wane ne limamin gari. Waɗanda suka kafa garuruwan nan 'yan Furotesta ne masu tsauri, waɗanda ake kira Puritan, kuma ba su da bishop da zai turo musu fasto. Kowane coci shi yake zaɓen nasa, sannan magidantan gari su taru su kaɗa ƙuri'a a kan albashinsa. Daga harajin gari ake biya, har wanda ba ɗan cocin ba ne sai ya ba da nasa, kuma a Massachusetts ba a kashe wannan tsari ba sai 1833. Wato mutumin ma'aikacin gari ne kamar yadda yake shugaban coci, don haka sawunsa yana wuri biyu: littafin coci, inda ake rubuta baftisma da shigar mambobi da horon masu laifi, da littafin magatakardan gari, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa da duk abin da taron gari ya zartar. Wanda ya duba ɗaya ya bar ɗaya, rabin mutum zai samu.

Amma ba daga nan za ka fara ba. Fara daga makaranta. Kusan dukkansu sun bi ta Harvard, wadda aka kafa a 1636, ko Yale, wadda ta zo a 1701. Wani mai kula da ɗakin karatu na Harvard, John Langdon Sibley, ya fara fitar da tarihin tsofaffin ɗaliban makarantar aji-aji a 1873. Nemi shekarar da mutuminka ya gama. John Williams ɗan ajin 1683 ne, ajin da mutum uku kacal suka gama. A nan za ka sami ƙashin bayan labarin: an haife shi a Roxbury cikin Disamban 1664, mahaifinsa Samuel baduku ne mai ɗinka takalma kuma dattijon coci, kakansa Robert ya taso daga Norwich ta Ingila a 1637, shi kuwa John ya je Deerfield a 1686, an naɗa shi a 1688, ya rasu a can a 1729. Ka ɗauki wannan littafi, da na James Savage mai juzu'i huɗu a kan mazauna New England na farko, a matsayin ɗan jagora. Ɗan jagora kan nuna maka ƙofa, amma da ƙafarka za ka shiga. Duk abin da ka kwafa daga cikinsu ka sa masa alama cewa ba ka ga asalinsa ba tukuna.

Tun daga wannan mataki akwai rami. Cikin mutum ukun nan na ajin 1683, biyu Williams ne: John da ɗan baffansa William Williams, wanda ya zama limamin Hatfield, 'yar tafiya kaɗan kudu da Deerfield. Ga kuma Roger Williams, wanda ya kafa Rhode Island, sunan da kowa ya sani. Na taɓa samun wata salsala a wani shafin intanet da ta jingina gidan Roxbury da Roger, an tsara ta tsaf da hotuna, na kwafa, na gina a kanta mako biyu kafin na lura babu takarda ko ɗaya a ƙarƙashinta. Gidajen biyu dabam ne. Tun daga ranar, duk reshen da ba a faɗi littafi da shafi ba, ba na shigar da shi.

Daga makaranta sai littafin gari, kuma nan ne mutumin yake fara numfashi. Yarjejeniyar da mutanen Deerfield suka yi da Williams tana nan, George Sheldon ya kwafo ta a tarihin garin da ya wallafa a ƙarshen ƙarni na 19. Za su ba shi filin gida a kan tudun da cocin yake, da rabo a makiyayar gari, su gina masa gida mai tsawon ƙafa 42 da faɗin ƙafa 20 da zaure a baya, su biya shi fam 60 a shekara, bayan shekara huɗu ko biyar su kai shi 80. Kuɗin ma suna ne kawai: da alkama da wake da masara da naman alade ake biya, a kan farashin da aka tsayar. Karanta wannan a hankali. Saurayi ne ɗan shekara 21, ɗan baduku, garin kuwa shi ne na ƙarshe a bakin iyaka ta arewa maso yamma, a ƙasar mutanen Pocumtuck, 'yan asalin wurin, garin da aka watse daga cikinsa a yaƙin 1675 aka dawo daga baya. Bi shafukan shekara-shekara ka ga lokacin da aka kasa biyan albashi, da wanda aka ɗora wa kawo itacen girki, da lokacin da aka yi maganar gyaran katangar itace da ta kewaye tsakiyar gari. Wa'azin da aka buga yana nuna yadda limami yake son a gan shi. Littafin gari yana nuna yadda yake zaune da maƙwabta.

Yanzu mu koma kan 3/4 ɗin can. Har zuwa 1752, Ingila da yankunanta suna kan tsohuwar kalanda, kuma a hukumance sabuwar shekara tana kamawa ne ranar 25 ga Maris. Duk abin da ya faru tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, a lissafin hukuma yana tsohuwar shekara, a lissafin jama'a kuwa ya shiga sabuwa. Magatakarda mai kula yakan rubuta duka biyun, 1703/4. Wani kuma ya rubuta 1703 kawai ya wuce. Harin da Faransawa da 'yan asalin ƙasar suka kai Deerfield daga Kanada a 1703/4 ya faɗo ranar 29 ga Fabrairu na wannan tsakani. Jaririyar Williams, Jerusha, an haife ta a Janairu, an kashe ta a ƙofar gida tana da mako shida. In ka ɗauki Janairun a 1703 ka ɗauki Fabrairun a 1704, ka ƙara wa jaririya shekara guda da ba ta yi ba a duniya. Na yi wannan kuskuren a takardata ta farko, kuma da na gano shi sai da ya dame ni, don mako shida ne duk rabonta, bai kamata a ɓata mata lissafinsa ba. Ƙari a kan haka, Faransawa a Kanada sun riga sun koma sabuwar kalanda, mai gaban ta Ingila da kwana 11, don haka ranar harin a takardunsu 11 ga Maris ce. Ka riƙa kwafar kwanan wata yadda ka gan shi, harafi da harafi, sannan ka rubuta fassararka a gefe.

Rubutun ma yana da nasa tarko. Suna ƙirga watanni daga Maris, saboda haka wata na goma sha biyu Fabrairu ne, 7ber Satumba ne, 10ber Disamba. Doguwar s tana kama da f. Kalmar cousin tana iya nufin ɗan ɗan'uwa ko kowane dangi na kusa. Junior ba dole ɗan Senior ba ne, wani lokaci ƙarami ne kawai cikin mutum biyu masu suna ɗaya a gari. Mrs. na iya zama budurwa 'yar babban gida. Sannan suna mayar da sunan wanda ya rasu ga wanda aka haifa bayansa: John ƙarami, ɗan shekara shida, ya mutu a harin, aka sake haihuwar wani John a aure na biyu. Eunice uwa, Eunice 'ya. Kada ka rubuta suna tsirara, kullum ka haɗa shi da shekarar haihuwa.

Shawarar da na fi so a riƙe ita ce wannan: bi mata. In ka tsaya a layin maza, John Williams ɗan baduku ne, jikan baduku, sai ka rasa dalilin da gwamnoni suka tashi tsaye a kan fansarsa bayan an kama shi a harin. Duba matarsa. Eunice 'yar Eleazar Mather ce, limamin farko na Northampton. Eleazar ɗan Richard Mather ne na Dorchester, ɗan'uwan Increase Mather, wato Cotton Mather, shahararren limamin Boston, ɗan baffanta ne. Mahaifiyarta Esther 'yar John Warham ce, limamin Windsor a Connecticut. Da Eleazar ya rasu a 1669, Esther ta auri wanda ya gaje shi a kan mumbari, Solomon Stoddard, mutumin da ya fi kowa ƙarfin faɗa a ji a coci-cocin kwarin kogin Connecticut. Wata 'yar Stoddard ta auri William Williams na Hatfield. Wata ta auri Timothy Edwards ta haifi Jonathan Edwards, shahararren mai wa'azi, a 1703. Ka ga ta aure ɗaya a 1687, ɗan Roxbury ya shiga tsakiyar manyan gidajen malamai na ƙasar. Har matarsa ta biyu, Abigail, wadda ya aura a 1707, jikar Warham ce kamar marigayiya. Sunayen 'ya'yan ma suna faɗin haka da bakinsu: Eleazer, Esther, Warham. In ka ga sunan gida an ba yaro a matsayin sunan yanka, sau da yawa dangin uwa yake nuna maka.

Ni kan zana wannan a babbar takarda, mata da jan biro, maza da baƙi. Da ka ja layukan jan, za ka ga yadda mumbarin gari yake bin hannun mata daga limami zuwa limami. 'Ya'yan John maza uku, Eleazer da Stephen da Warham, duk limamai suka zama, Esther kuma limami ta aura. Stephen ya riƙe cocin Longmeadow shekara 66, daga 1716 zuwa 1782, ya bar littafin abubuwan yau da kullum mai juzu'i da yawa. In limaminka yana da ɗa ko suruki mai irin wannan rubutu, neme shi, don a nan ake samun cuta da bashi da baƙin cikin gida.

Akwai lokacin da sawu zai fita daga ƙasar ɗungum, kuma dole ka bi shi. A harin 1704, sojojin Faransa ƙarƙashin Hertel de Rouville tare da mayaƙan Abenaki da Huron da Mohawk, ƙabilun 'yan asalin ƙasar, sun kashe kusan mutum 50, sun tafi da fiye da 100 a ƙafa cikin ƙanƙara, tafiyar kusan mil 300 zuwa Kanada. Matar Williams, mai jego, ta faɗi a kogi a rana ta biyu, aka kashe ta. Shi ya dawo Boston a Nuwamban 1706, a shekara ta gaba ya buga labarin zamansa a hannun waɗanda suka kama shi, The Redeemed Captive Returning to Zion. 'Ya'yansa huɗu sun dawo. Eunice, mai shekara bakwai, ba ta dawo ba. Wani gidan Mohawk a Kahnawake, hayin kogi daga Montreal, ya ɗauke ta 'ya. Ta manta Turanci, aka yi mata baftismar Katolika da suna Marguerite, ta auri wani Ba-Mohawk mai suna Arosen a 1713. Mahaifinta ya je da kansa a 1714, ta ƙi biyo shi. Ta ziyarci yayanta Stephen sau huɗu, tsakanin 1740 da 1761, kowane karo ta koma gidanta. Ta rasu a 1785 tana da shekara 89.

In ka nemi Eunice Williams a rajistar Kanada da wannan suna za ka sha wahala. Limaman Katolika suna rubuta suna yadda kunnen Bafaranshe ya ji shi, ko su rubuta sabon sunan baftisma. Wani yaron Deerfield, Josiah Rising, zuriyarsa Raizenne suke a yau. John Carter ya koma Jean Chartier. Wata mata mai suna C. Alice Baker ta yi ta zuwa Kanada a ƙarshen ƙarni na 19 tana bin waɗannan rajistoci shafi-shafi, ita ta gano da yawa daga cikin yaran da aka ɗauka sun ɓace. Dabarar ita ce ka furta sunan da ƙarfi, ka yi tunanin yadda wanda bai jin Turanci zai rubuta shi, ka kuma nemi sunan uba da na gari a cikin bayanin baftisma. Kuma kada ka rubuta a gaban sunanta cewa ta ɓata, kamar yadda wasu tsofaffin littattafai suke nunawa. Tana da 'ya'ya, tana da jikoki, reshenta na cikin salsalar kamar na Stephen.

Daga wannan reshe ne ma wani abin lura ya fito. Tattaɓa kunnenta, Eleazer Williams, mai wa'azin cocin Episcopal a cikin ƙabilar Oneida ta 'yan asalin ƙasar, ya yi iƙirarin cewa shi ne ɗan sarkin Faransa Louis na 16 da ya ɓace, kuma a 1853 wata mujalla a New York ta baza maganar, mutane da yawa suka yarda. A shekarar 2000 gwajin ƙwayoyin gado a kan zuciyar da aka adana ta yaron da ya mutu a kurkukun Faris a 1795 ya tabbatar ɗan sarkin ne ya mutu a can. Abin da mutum ya faɗa game da asalinsa shaida ce ɗaya, a auna ta da sauran.

Mataki na ƙarshe shi ne kotun gado, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Da farko ka tabbatar da gundumar da garin yake a lokacin mutuwar. Deerfield yau tana gundumar Franklin, amma ba a kafa Franklin ba sai 1811, don haka takardun 1729 na gundumar Hampshire ne, a Northampton. Nemi wasiyya in akwai, amma abin da ya fi ta magana shi ne lissafin tarika, inda maƙwabta suke bin gida ɗaki-ɗaki suna sa wa komai kuɗi: littattafai, gado, tukwane, shanu, gonaki. A lissafin tarikar John Williams, cikin dukiya, akwai yara maza biyu, Meseck da Kedar. Bayi ne.

Da na ga haka sai na koma baya na sake karanta labarin harin da wani ido. A daren nan, a gidan limami, ba yara biyu kaɗai aka kashe ba. An kashe wata baiwa baƙar fata mai suna Parthena. Mijinta Frank, shi ma bawan gidan, an tafi da shi, aka kashe shi a zangon farko. An ɗaura musu aure a 1703, ko shekara ba su cika ba. A littafinsa Williams bai ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, da launin fatarsu ya kira su. Sunayen a littafin gari suke. Ba shi kaɗai ba ne: ɗansa Stephen ya mallaki bayi, Jonathan Edwards ma ya sayi wata yarinya mai suna Venus a Newport a 1731. Limamai na cikin waɗanda suka fi mallakar bayi a wannan kwari, kuma takardun sukan ɓoye abin a ƙarƙashin kalmar servant, wato bara. In ka ga kalmar tare da suna guda ba sunan uba, tsaya ka bincika.

Ni baƙar fata ne, na zauna a ɗakin karatu da takardata mai jan biro da baƙi, gidan Mather ya kai har Ingila, gidan Warham haka, Parthena kuwa ba uwa ba uba ba gari. Ba zan iya ƙirƙiro mata asali ba, kuma kai ma kada ka yi. Abin da za ka iya shi ne ka buɗe wa irinsu shafi a cikin aikinka, mai taken mutanen gida, ka sa kowane suna da kwanan watan da ya bayyana da littafin da ya fito: aure, baftisma, takardar ciniki, bashin kanti, lissafin tarika. Wani lokaci suna ɗaya zai sake ɓullowa a gidan ɗa ko suruki bayan rabon gado, daga nan ka sami layi na biyu.

In Allah ya kai ka Deerfield, ka shiga gidan tarihi na Memorial Hall ka ga ƙofar gidan John Sheldon, wadda har yau take ɗauke da saran gatari na wannan dare. Daga nan ka gangara maƙabarta. Allon John yana kusa da na Eunice. Can gefe akwai wani tudu mai ciyawa da dutse guda a kansa, kabarin bai ɗaya na waɗanda suka mutu a 1704. Tafi da takarda da fensir, ka kwafi allunan da hannunka, layi-layi yadda aka sassaƙa, don hoton waya yakan haɗiye ƙananan lambobi. Da safe ko da la'asar ya fi, lokacin da rana take bugun dutsen ta gefe.